Mai Bin Bashi Ya Tsaya A Ƙofar Gida

Duk wanda ya riƙe wayar hannu a Najeriya a 'yan shekarun nan, da wuya a ce irin wannan saƙo bai taɓa faɗo masa ba. Lambar baƙuwa ce, sunan da ke ciki kuwa sananne: tsohon abokin makaranta, ko matar maƙwabci, ko wani bakanike da ka ajiye lambarsa shekaru uku da suka wuce har ka manta da shi. Saƙon zai ce maka wane ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, ana nemansa ruwa a jallo, kuma kai ne ya rubuta a matsayin wanda ya tsaya masa. Wani lokaci har da hotonsa. An ma ga inda aka haɗa sanarwar rasuwar mutum yana raye, aka watsa wa danginsa. Idan ka bi diddigi, sau da yawa kuɗin da ake wannan tonon silili a kansu ba su kai na buhun shinkafa ba.

Mutum ya ci bashi, wa'adi ya cika, bai biya ba. Babu mai musun cewa akwai haƙƙi a wuyansa. Abin tambaya shi ne iyakar wannan haƙƙi. Mai bin bashi dukiyarsa kaɗai yake bi, ko har da mutuncin wanda ya ci? Idan kunyatarwa ce kaɗai hanyar da kuɗin za su fito, ta halatta?

Tambayar ta shafe mu ta fuska biyu. Da rubuta manhaja muke cin abinci, kuma waɗannan manhajojin bashi ba daga sama suka faɗo ba, irinmu ne suka zauna gaban kwamfuta suka ƙera su. Sannan mun tashi da karatun Littafi Mai Tsarki, muna jin wa'azin gafara ranar Lahadi, ranar Litinin mu koma bakin aiki. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu cikakken tanadi a kan wannan batu; ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi take, kuma gab da ita an yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Malamansu ne suka cancanci yin wannan bayani. Mu a nan za mu duba abin da ke hannunmu, mu ga ko yana da abin cewa game da wayar da ke aljihunmu.

Yadda ake shiga gidan

A wayar Android, manhaja ba ta isa ta taɓa jerin lambobin mutum ba sai ta nemi izini. Tun fitowar Android 6 a 2015, izinin yana zuwa ne a ɗan akwati da ke tasowa a fuskar waya: ka yarda, ko ba ka yarda ba. A wurin mai rubuta manhaja, wannan aikin 'yan layuka ne da ba su ɗaukar rabin yini. A wurin wanda ke neman naira dubu goma da ƙarfe sha ɗaya na dare, yaro na kwance da zazzaɓi, maɓalli ne kawai da ya tsaya tsakaninsa da kantin magani. Zai danna. Cikin daƙiƙu kaɗan an kwashe lambar mahaifiyarsa, da ta surukansa, da ta shugabansa a wurin aiki, da ta fastonsa ko limaminsa, an adana a rumbun kwamfutar kamfanin. Ko ya goge manhajar washegari, kwafin yana can.

Dalilin kwashe lambobin ba ɓoyayye ba ne. Banki yana neman jingina: takardar fili, ko shaidar albashi, ko wani babba da zai tsaya maka. Manhajar ba ta neman ko ɗaya, shi ya sa take da farin jini. Sai dai ba kyauta take yi ba. Jinginar da ta karɓa ita ce jama'arka da sunanka a cikinsu.

Ga kuma kuɗin ruwa. A ɗauka an ba ka naira 20,000, an ce ka dawo da 24,000 bayan kwana 14. A kunne kamar ba wani abu ba ne. In an lissafa shi a shekara, ya kama kashi 520 cikin 100. Wanda ya kasa biya yakan ranto daga wata manhajar ya toshe ta farko, daga nan sai ta uku, har ya zama yana haƙa rami don ya cike rami. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, masu faɗawa wannan hali ba malalata ba ne. Akwai malaman makaranta a ciki, da ma'aikatan jinya, da masu ƙananan sana'o'i.

Hukuma ta motsa. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane, a watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Duk wannan ya rage ɓarnar. Amma ana iya sauke manhaja ta wata hanyar ba ta kasuwar Google ba, kuma ɗabi'ar ba ta tsaya a kamfanoni ba. Mu ma mun koya. Duba yadda ake habaici a WhatsApp, da yadda ake liƙa hoton mutum a Facebook a ce "ku tayani roƙonsa ya biya ni." Doka tana iya rufe ofis, ba ta iya amsa tambayar da muka fara da ita.

Abin da Shari'ar Musa ta ce

A littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 24, akwai wasu ƙa'idoji da mai karatu kan wuce da sauri don ba su da armashin labari. Ɗaya ta hana wanda ya ba da rance shiga gidan wanda ya ranta wa don ɗaukar jingina. A waje zai jira, mai gidan ne zai fito masa da abin. Wata ta hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin da shi iyali ke ci, ɗauke shi daidai yake da ɗauke ransu. Wata kuma ta ce idan matalauci ya jinginar da mayafinsa, a mayar masa kafin rana ta faɗi, don ya sami abin rufa da dare. Littafin Fitowa, sura ta 22, ya kawo wannan hukunci na mayafi shi ma.

Mu lura da abin da dokar ba ta yi ba. Ba ta ce bashin ya faɗi ba. Ba ta hana karɓar jingina ba. Ta yarda mai rance yana da haƙƙi, ta kuma ja masa layi a bakin ƙofa.

Me ya sa a bakin ƙofa? Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mun san zaure, mun san aika yaro ya ce ana sallama da maigida, mun san gidajen da aka rubuta "ba shiga" a jikin bango. Cikin gida ne ake ɓoye tukunyar da ba a ɗora ba tun jiya. A can ne uba yake uba a idon 'ya'yansa ko da aljihunsa babu sisi. Mai bin bashin da ya kutsa ciki zai ga abin da ba nasa ne ya gani ba, yara kuma za su ga an tsaya a kan mahaifinsu. Sannan in shi ne zai zaɓi jingina da hannunsa, abin da ya fi zafi zai ɗauka, domin shi ne zai fi saurin fito da kuɗi. Idan ya tsaya a waje, zaɓin yana hannun mai gida. Ana bin sa bashi, amma har yanzu shi ne maigida a gidansa. Abin da muke kira rufin asiri ke nan.

Wayar hannu ita ce cikin gidan mutumin yau. A ciki hirarsa da matarsa take, da hotunan 'ya'yansa, da sunan duk wanda yake jin kunya. Manhajar da ta kwashe lambobinsa ta wuce zaure, ta shiga har ɗaki, ta zaɓi abin da ya fi zafi. Dutsen niƙan ma ba ta bari ba. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ta WhatsApp, jerin lambobinta shi ne kasuwarta. Telan da aka aika wa duk masu kawo masa ɗinki cewa ɓarawo ne, wa zai sake ba shi yadin sallah ko na Kirsimeti? An karya abin da zai nemi kuɗin biyan da shi.

A wannan surar dai an ce kada a hukunta iyaye da laifin 'ya'ya, ko 'ya'ya da laifin iyaye. Tsohuwar da aka kira da asuba aka zage ta saboda bashin ɗanta ba ta danna komai ba. Mu ma da saƙon ke faɗo mana ba mu yarda a ɗauki lambarmu ba. Cewa kuma mutum ɓarawo ne, ko ya mutu, ko wane ya tsaya masa alhali ba haka ba ne, shaidar zur ce, wadda Dokoki Goma suka haramta a fili.

Ai shi ya yarda

Wani zai ce ba a tilasta wa kowa ba. An nuna masa sharuɗɗa, ya danna da yatsansa. Gaskiya ne, kuma mu masu wannan sana'a mun san nauyin wannan hujja, domin a kanta kusan dukan intanet ta ginu. Mun kuma san yadda ake rubuta sharuɗɗan: dogaye, da ƙananan haruffa, da Turancin lauyoyi, maɓallin yarda babba mai launi, na ƙi ƙarami a lungu. Da gangan ake tsara su haka.

Littafin Nehemiya, sura ta 5, ya kawo irin wannan yarda. A ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ake sake gina garun Urushalima a ƙarƙashin mulkin Farisa, yunwa ta shigo, ga harajin sarki. Talakawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu ga manyan gari, wasu har suka ba da 'ya'yansu bauta. Babu wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Da kansu suka je, domin babu wata ƙofa. Nehemiya, wanda shi ne gwamna, bai tsaya duba ko an sa hannu a takarda ba. Ya tara jama'a, ya tsawata wa manyan, ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da gonakin. Yardar mai jin yunwa ba ta wanke wanda ya ci ribar yunwar ba.

Akwai abin lura a labarin. An yi amfani da kunya a bainar jama'a, amma a kan masu ƙarfi aka yi, don su saki marasa ƙarfi. Manhajar bashi ta ɗauki wannan makami ta juya bakinsa ƙasa.

Shi mai kuɗin fa?

A nan ne batun yake da wuya, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba duk maciyin bashi ne abin tausayi ba. Kowannenmu ya san wanda ke da halin biya ya ƙi, yana sauya waya yana sauya mota, in ka tuna masa ya ce ka cika naci. Mun san mai shagon unguwa da littafin bashi ya durƙusar da shi, masu cin kayansa suna wucewa ta gabansa zuwa wani shagon da kuɗi a hannu. Ba kullum mai bin bashi ne attajiri ba. Wani lokaci ita ce bazawarar da ta ba da jarinta don kunya.

Littafi Mai Tsarki bai ɗaure wa irin wannan gindi ba. Zabura ta 37 ta lissafa cin bashi a ƙi biya cikin halayen mugu. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa sura ta 13, ya umarci masu bi su ba kowa haƙƙinsa, kada su bar bashi a wuyansu. Lokacin da wata gwauruwa ta kawo wa annabi Elisha kuka cewa mai bin mijinta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu, kamar yadda ya zo a Sarakuna na Biyu sura ta 4, mafitar da aka ba ta ita ce man da zai isa ta sayar ta biya, ta kuma rayu da sauran. An ceci yaran, an kuma biya mai kuɗi.

Akwai ma hatsari a cikin tausayin da ba ya lissafi. Shari'ar Musa ta ce a yafe basussuka kowace shekara ta bakwai, ta kuma gargaɗi masu hali kada su rufe hannu don sun ga shekarar ta gabato. Abin da aka ji tsoro shi ya faru. A zamanin malamin Yahudawa Hillel, gab da haihuwar Almasihu, masu kuɗi sun daina ba da rance, sai talaka ya rasa inda zai je. Hillel ya fito da tsarin da ake miƙa bashin a hannun kotu don kada ya faɗi, domin rance ya ci gaba da gudana. Darasin a fili yake: in mai ba da rance ba shi da hanyar karɓar kuɗinsa, zai daina bayarwa, kuma talaka ne zai fara jin jiki.

Dole kuma mu yarda cewa kunya ta daɗe tana aiki a matsayin jingina a ƙasar Hausa. Me ke riƙe da adashi? Babu takarda, babu kotu, sai uwar adashi da sanin cewa wadda ta kwasa ta gudu ba za ta sake ɗaga kai a unguwa ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan bashi da amana, maigida yana tsaya wa fatake da sunansa. Ashe ba za mu ce duk wani amfani da kunya mugunta ne ba. To ina bambancin?

Matakai uku

Linjilar Matiyu, sura ta 18, ta ba da tsari ga wanda ɗan'uwansa ya yi wa laifi. Da farko ka same shi ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sannan a kai wa ikilisiya. Tsarin bai hana fitar da magana ba, ya dai sa ta a ƙarshe, kuma ya faɗi manufar tun a matakin farko: a maido da ɗan'uwan. Kowane mataki yana buɗe asiri ne gwargwadon buƙata. Waɗanda ake kira kuma mutane ne da suka san ku duka biyu, za su ji ta bakinsa, za su iya gane ko taurin kai ne ko babu ce.

Haka adashi yake aiki in yana kan daidai. Uwar adashi ta san wadda mijinta ke kwance a asibiti, ta san wadda ta sayi gwal. Kunyar tana tsayawa cikin waɗanda abin ya shafa, kuma ranar da aka biya ta wuce. Manhaja tana farawa ne daga inda tsarin ya ƙare, ta ma zarce. Ba ta tambayar dalili, tana sanar da waɗanda ba ruwansu, tana ƙara ƙarya, sannan babu hanyar dawowa. Magana zarar bunu ce. Ka biya bashin yau, babu saƙon da zai bi ɗari ukun farko ya ce ashe wane ba ɓarawo ba ne. Bashin naira dubu ashirin ya ƙare, tabon ya zauna.

A wannan sura dai, bayan Bitrus ya tambayi sau nawa za a yafe, Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ke bi talanti dubu goma. Mu masu son lissafi, mu buga. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuma ladan lebura ne na yini. Bashin ya kama ladan yini miliyan 60. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Sarki ya yafe masa duka. Da fitarsa ya gamu da abokin bautarsa da yake bi dinari ɗari, ladan wajen wata huɗu, ya shaƙe shi, ya ƙi jin roƙonsa, ya sa aka kulle shi. Abin da aka yafe masa ya ninka abin da yake bi sau 600,000.

Dinari ɗari ba wasa ba ne, kuma bashin gaskiya ne. A dokar wancan zamani yana da ikon kulle mutumin. Laifinsa shi ne ya manta matsayinsa. Ya ɗauka shi mai bin bashi ne kawai, alhali shi ma wanda aka rufa wa asiri ne. Wannan ne tushen abin da bangaskiyar Kirista ta ƙara a kan batun. A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, yadda Matiyu ya rubuta ta da Helenanci, kalmar da aka yi amfani da ita wajen roƙon gafara kalmar bashi ce. Mai yin wannan addu'a kowace safiya ya amsa da bakinsa cewa shi ma ana bin sa. Yana iya neman kuɗinsa, amma hannunsa ba zai kai wuyan kowa ba.

Mu da muke rubuta ta

A kamfanin manhaja, da wuya a sami wanda aka ce masa "je ka ci mutuncin wane." Aikin a yanke yake gunduwa-gunduwa. Wani ya rubuta sashen da ke kwafe lambobi. Wani ya rubuta agogon da ke ƙirga kwanakin da wa'adi ya wuce. Wani ya haɗa hanyar tura saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda. Kowane yanki shi kaɗai ba shi da laifi, har ana amfani da irinsa a manhajar asibiti ko ta makaranta. Da an haɗa su sai na'ura ta yi abin da ko ɗaya daga cikinsu ba zai iya tsayawa gaban tsohuwa ya yi da bakinsa ba. Mai bin bashi na da yakan ga fuska, wani lokaci tausayi ya kama shi. Manhaja ba ta ganin fuska, kuma ba ta gajiya.

Uzurin da aka saba ji shi ne an sa ni ne, ni ma'aikaci ne. Kotunan duniya ma ba kullum suke karɓarsa ba. Da aka gano a 2015 cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi, wani injiniyan kamfanin, James Liang, ya sami hukuncin wata 40 a kurkuku a Amurka a 2017, ko da yake ba shi ne shugaba ba.

Wannan ba ya nufin kowa ya ajiye aiki. Aiki yana wuya, kuma sana'ar ba da rance ta waya tana iya zama alheri ga wanda banki ba ya kallo. Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, a Luka sura ta 3, bai ce su bar aikin ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyu kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi. Iyaka ya sa musu a cikin aikin. Tamu iyakar ma a bayyane take. Za mu iya rubuta manhajar da ke nuna jimillar abin da mutum zai biya da manyan lambobi kafin ya danna, da harshen da yake ji. Za mu iya sa ta tuna wa mai bashin shi kaɗai, ta ba shi hanyar neman ƙarin lokaci, ta kai rahoton wanda ya ƙi biya ga hukumomin da doka ta ba rajistar masu cin bashi. Za mu iya ƙin karɓar bayanan da ba a buƙata, domin abin da ba a kwasa ba ba za a yi ɓarna da shi ba. In kuma aka ce lallai sai an rubuta sashen tonon asiri, akwai misalin ungozoman nan biyu, Shifra da Fuwa, a farkon littafin Fitowa, waɗanda suka ci gaba da aikinsu amma suka ƙi umarni ɗaya na Fir'auna. Ƙin yana da tsada, mai yiwuwa ya ci albashi. Ba mu ga inda aka yi mana alkawarin cewa bin Almasihu zai zo da araha ba.

A gida da kasuwa

Yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa rubuta manhaja ba, amma kowa yana bin wani, wani kuma yana bin sa. In kai ake bi, kada ka kashe waya. Je ka da ƙafarka kafin a zo, ka faɗi gaskiya, ka kai abin da ya samu ko kaɗan ne. Guje-guje ne ke mayar da mai haƙuri mai tonon asiri. In kai ke bi, fara da shi kaɗai, ba a gaban matarsa ko yaran shagonsa ba. In ya ƙi, nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. In ta kai ga hukuma, kotu ce wurin, ba caji ofis ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ka kuma tambayi kanka ko wannan na cikin basussukan da ya kamata a bari saboda Allah, musamman in ka san babu ce. Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata da ke da asusun taimako su ma su duba: in ɗan'uwa ya gwammace ya je wurin manhaja da ya zo wurinmu, wataƙila ya san asirinsa ba zai rufu a hannunmu ba.

Saura mu da saƙon ke faɗo wa. A misalin da Yesu ya bayar akwai wasu da ba a cika ambata ba, sauran bayin da suka ga an shaƙe abokinsu. Abin ya ɓata musu rai, suka kai ƙara wurin sarki. Tonon asiri ba ya aiki sai da 'yan kallo, kuma mu ne aka zaɓa mu zama 'yan kallon. Kada mu tura wa kowa, kada mu mai da shi abin hira. Mu ɗauki hoton saƙon mu kai ƙara FCCPC. Sannan mu kira mutumin, domin a daidai wannan lokaci yana zaune yana ƙirga waɗanda suka gani, yana tunanin da wace fuska zai fita gobe. Mu gaishe shi yadda muka saba, mu tambayi iyali, mu ce masa mun gani kuma bai rage komai a wurinmu ba. In da hali, mu tambaye shi nawa ne ya rage.